Yadda bidiyo ke bin ɓarauniyar hanya ya cinye layin intanet na ma'aikata

A ma'aikatu da cibiyoyin yaƙi da jahilci da yawa, layin intanet guda ake rabawa tsakanin kwamfutoci da wayoyin salula. Domin kowa ya samu rabonsa, akan sa wata na'ura tsakani da ake kira furoksi: duk mai son buɗe shafi sai ya bi ta kanta, ita kuma ta ɗebo masa. Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Squid, wadda ta fito a 1996. Tana da tsarin da ake rubutawa delay_pools, mai auna wa kowa abin da zai ja a daƙiƙa guda.

Duk da haka, sau da yawa za ku ga an sa iyaka amma layi ya cushe, rahoto ya ƙi tafiya Yamai, alhali wani yana kallon kokawa a wayarsa ba tare da tsaiko ba. Dalili shi ne Squid ba ta auna abin da bai biyo ta gabanta ba, kamar mai karɓar kuɗin hanya ne da motoci suka zagaye shingensa.

Saƙonnin intanet suna shiga da fita ta ƙofofi masu lamba. Shafukan da, ta ƙofa ta 80 suke bi, kuma ita kaɗai yawancin masu haɗa na'ura ke karkatarwa zuwa furoksi. Bidiyon shekarun 2000 yana da nasa ƙofofin: RTSP ta 554, MMS ta 1755, RTMP na Flash ta 1935. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020, saboda haka wannan matsala ta ragu, sai dai wata ta maye gurbinta. Yau kusan duk bidiyo a rufe yake zuwa ta ƙofa ta 443. Ga kuma QUIC, wanda Google ya ƙirƙiro, aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2021; shi ta UDP yake tafiya, tafarkin da Squid ba ta tarewa. YouTube yana amfani da shi sosai. Wasu manhajojin waya kuwa ko kallon saitin furoksi ba sa yi.

Ku dubi lissafin. YouTube ya ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa don hoton 1080p, 2.5 don 720p, 0.7 don 360p. Ke nan a layin megabit 10, mutum biyu sun isa su bar sauran ma'aikata suna zaman jira.

Gyaran daga katangar tsaro yake farawa, wato na'urar da ke bakin layi. A hana kowace kwamfuta fita kai tsaye ta 80 da 443, a bar furoksi ita kaɗai, sa'an nan a rubuta adireshinta cikin kowace na'ura. A toshe UDP a ƙofa ta 443 kawai; manhajar buɗe shafi za ta koma TCP da kanta. Kada a toshe UDP baki ɗaya, don neman sunayen shafuka ta ƙofa ta 53 da kiran murya da tarurrukan Zoom duk sun dogara da shi.

Idan bidiyo ya dawo hanya, Squid ba ta ganin abin da ke cikinsa, amma tana ganin sunan inda ya fito. Wannan ya isa: bidiyon YouTube daga googlevideo.com yake zuwa, ana iya ware masa rabo na dabam. A kula, Squid da bayit take lissafi, wanda masu Faransanci ke kira okte. Megabit 1 daidai yake da bayit 125,000. Akwai dabarar buɗe rufaffen saƙo don a leƙa cikinsa, amma ban ga dacewarta ba a wurin da mutane ke shiga asusunsu na banki da wasiƙunsu.

A ganina, abin da ya fi dorewa shi ne a yi rabon a kan rauta, inda komai ke wucewa ko ta wace ƙofa ya zo. Na'urorin MikroTik suna da jerin gwano na kowane mai amfani, a Linux kuma akwai tc da HTB. A ba kowace na'ura kimanin megabit 1, a fifita kwamfutar akanta da ta sakatariya. Bidiyon yau yana rage kyan hotonsa da kansa idan layi ya ƙuntata, don haka mai kallo zai sauka zuwa 360p ba tare da an hana shi ba.

Hani baki ɗaya zai cuci masu koyarwa, domin darussan karatu da na noma da na kiwon lafiya da yawa a bidiyo suke. Wanda za a nuna wa aji sau da dama, in mai shi ya yarda, a sauke shi da dare lokacin da layi ba kowa, a ajiye a kwamfutar cibiya, malamai su kwafa a katin waya su tafi da shi ƙauye.