Siffofin Nok a Kan Dandamali: Matsalar Aron Fasahar Mutanen Dauri Wajen Tsara Fagen Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo na Hausa sun fi mayar da hankali a kan jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe. Abin da ɗan kallo yake gani da idonsa kuwa, wato fasalin dandamali da sutura da kwalliyar 'yan wasa, ba a cika tsayawa a kansa ba. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin akasarin nazarce-nazarcenmu daga littafi muke yin su, littafi kuwa ba ya nuna bango ko haske.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ɓangare guda na wannan fage: yadda masu tsara dandamali suke aron siffofin yumɓu na Nok a duk lokacin da wasa ya buƙaci a nuna zamanin dauri. Hujjar da akan kafa ita ce, Turawa sun gina fasaharsu a kan Girka da Rum, mu kuma Nok ce Girkarmu. Za a nuna cewa wannan kwatance yana da inda ya tsaya, kuma mai tsara dandamalin da bai san iyakarsa ba zai maimaita kuskuren da Turawan kansu suka daɗe suna yi.

2.0 Abin da Girka ta Bar wa Turawa

An soma gasar wasan kwaikwayo a birnin Atina wajajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a lokacin bikin abin bautarsu Diyonisos. Daga cikin wasannin ban tausayi da aka yi a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, fiye da 30 sun iso gare mu a rubuce, na Eskilos da Sofokilis da Yuripidis. Aristotal ya ambata cewa Sofokilis ne ya shigo da zanen fage. Ginin ma yana nan: dandalin Efidauros, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 14,000. Daga baya Vitruvius, wani maginin Rum, ya rubuta bayanin yadda ake tsara irin waɗannan wurare, kuma da littafinsa Palladio ya yi jagora wajen zana gidan wasa na Vicenza a Italiya, wanda aka buɗe a 1585 da wasan Sarki Idifus na Sofokilis.

Ke nan Baturen da ya waiwayi Girka yana samun abu uku a haɗe: labarin, da ginin, da bayanin masu ginin. Wannan ne ma ya sa marubutanmu suka iya aro daga can. Ola Rotimi ya mayar da labarin Idifus ƙasar Yarabawa a cikin The Gods Are Not to Blame a 1968, Wole Soyinka kuma ya sake ɗinka wasan Yuripidis na mabiya Diyonisos a 1973. Sun sami magana a rubuce, suka juya ta yadda suke so.

Duk da wannan yalwa, Turawa sun yi ɓatan kai a wuri ɗaya mai muhimmanci. Da suka tono sassaƙe-sassaƙen marmara na Girka sun same su farare fat, sai suka ɗauka haka masu su suka yi su. Winckelmann, a littafinsa na tarihin fasahar mutanen dauri na 1764, ya ɗaukaka wannan fari ya mayar da shi ma'aunin kyau. Aka yi ta gina ginshiƙai farare a kan dandamali, ana sa wa 'yan wasa fararen mayafai, da sunan Girka. Alhali kuwa fenti ne ya goge. Binciken da Vinzenz Brinkmann ya jagoranta, wanda aka fara baje kolinsa a Munik a 2003, ya nuna cewa an shafe waɗannan siffofi da ja da shuɗi da rawaya. Abin da aka ɗauka ɗabi'ar Girkawa ce, ashe aikin ruwa da ƙasa da tsawon zamani ne.

3.0 Abin da Nok ta Bari

Nok sunan ƙauye ne a ƙasar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, kusa da Kwoi, kudu da Kaciya. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a 1928, a ma'adinin da Kanar Dent Young yake da hannu a ciki. A 1943 aka sake tono wani kan a kusa da Jama'a. Wani malamin ma'adini ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ne ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen, kuma shi ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Haƙar da ya yi a Taruga cikin shekarun 1960 ta fito da tanderun narkar da tama tare da irin waɗannan siffofi.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙasar Kagarko, maƙwabciyar Kaciya. Sakamakon aikinsu ya nuna cewa mutanen nan manoman gero ne da suka zauna a yankin tun wajajen 1500 kafin Miladiyya, sun fara yin siffofin wajajen 900, al'adar kuma ta ɓace daf da farkon Miladiyya. Wato a lokacin da Eskilos yake nuna wasanninsa a Atina, akwai magina a dazuzzukan da ke tsakanin Kaciya da Kagarko suna gasa kawunan mutane na yumɓu. Ta fuskar shekaru, kwatancen da Girka bai yi ƙarya ba.

Sai dai Nok ba ta bar rubutu ba. Babu wanda ya san sunan da mutanen suke kiran kansu, ko harshen da suke yi, ko labarin da suke bayarwa game da asalin duniya. Ƙasar wurin mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa. A Girka, abin rufe fuska da 'yan wasa suke sawa ya ruɓe domin da ƙyalle da itace aka yi shi, amma maganar da aka faɗa a bayansa ta tsira. A Nok fuskar ce ta tsira, maganar ta tafi.

4.0 Kurakurai Uku

4.1 Kaushin Jiki

Duk wanda ya ga siffar Nok a gidan tarihi zai lura da kaushinta, da ƙananan tsakuwoyi da suka fito a jikinta. Masu tsara dandamali sun riƙi wannan kaushi tamkar shi ne hatimin Nok. Na taɓa kallon wasan ɗalibai a wannan yanki inda mai zanen fage ya kwaɓa yashi cikin jan fenti ya yaɓa wa bangon fadar sarki da fuskokin dogarai, don a ji ƙanshin dauri. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai haka mutanen Nok suke son abinsu.

Ba haka suke so ba. Maginan Nok sukan shafe siffar da ruwan yumɓu mai laushi, su goge ta har ta yi santsi, kamar yadda maginan tukwane suke dalaye tulu a yau. A ƴan wuraren da wannan shafe bai zaizaye ba ana ganin sheƙinsa. Kaushin aikin shekaru fiye da 2,000 ne a cikin ƙasa da ruwa. Wannan shi ne farin marmara na Winckelmann ya dawo cikin jar ƙasa. Wani abin lura kuma, gidan tarihi na Liebieghaus da ke Frankfurt, inda a lokacin Brinkmann yake kula da sashen kayan dauri, shi ne ya baje kolin siffofin Nok daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014. Idan wasa yana nuna mutanen Nok a raye, to fagen ya kamata ya yi santsi da sabunta; kaushi na wasan da yake magana a kan kufai ne.

4.2 Cikakkiyar Siffa

Kuskure na biyu ya fi na farko zurfi. Akan kafa cikakkiyar siffa a tsakiyar dandamali, a kan dakali, 'yan wasa suna durƙusa mata. Amma masu haƙa na Frankfurt kusan duk abin da suka samu a mazauninsa na asali gutsattsari ne: kai a nan, hannu a can, an tara su cikin rami, kuma sau da yawa gutsattsarin ba sa haɗuwa su ba da jiki guda. Wannan ya sa suka karkata ga cewa da gangan aka farfasa su aka binne, wasu a kusa da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyar wuya waɗanda ake kyautata zaton kaburbura ne.

To daga ina cikakkun siffofin da muke gani a littattafan hotuna suka fito? Akasari daga haramtacciyar haƙa, wadda ta yi tsanani a yankin nan cikin shekarun 1990. Wanda ya tono don sayarwa ba ya rubuta inda ya samu, kuma kasuwa cikakke take so, saboda haka akan liƙa gutsattsarin siffofi daban-daban a cike giɓin da sabon yumɓu. Ko waɗanda aka nuna a gidan tarihi na Louvre da ke Faris a shekara ta 2000 sun jawo taƙaddama a kan hanyar da suka bi suka fita, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25. Mai tsara dandamalin da ya kwafi hotonsa daga kundin 'yan gwanjo, ɗanɗanon dillali yake kwafa.

A ganina a nan ne ma arzikin yake, an bar shi. Abu guda da shaida ta ƙarfafa game da waɗannan siffofi aiki ne da hannu ya yi: an gina, an gasa, an fasa, an binne. Wannan kuwa shi ne abincin wasan kwaikwayo, domin dandamali motsi yake so.

4.3 Liƙa Labarin Aro

Da yake Nok ba ta da labari, marubuta sukan ɗauko na wani wuri su liƙa mata. Wani ya sa siffar Nok ta tsaya a madadin Tsumburbura ta Dala, wani ya ajiye ta a bakin rijiyar Kusugu cikin tarihihin Bayajida, wani kuma ya haɗa ta da dodannin Abwoi na Atyap da maƙwabtansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gidansa da zamaninsa, kuma tsakaninsa da Nok akwai ƙarnuka masu yawa da babu abin da ya cike su. Mutanen Ham suna da dalilin alfahari da abin da aka tono a ƙasarsu, suna kuma nuna wannan alfahari a bikin Tuk Ham na Kwoi. Amma zama a wuri ɗaya bai isa hujjar cewa labarin yau shi ne na wancan zamani ba.

Masana harshe suna da nasu laifin a nan. Mun saba cewa "gumakan Nok". Kalmar gunki a Hausa ta riga ta yanke hukunci, domin gunki abin bauta ne, alhali ba a tabbatar an bauta wa waɗannan siffofi ba. Illar kalmar a aikace take: shugaban makarantar da aka gaya wa za a hau da gunki kan dandamali zai hana wasan, iyaye ma za su janye 'ya'yansu. Mutum-mutumi ya fi sauƙi, sai dai yana ɗauke da ma'anar abin wasan yara da na tsoratar da tsuntsaye, wanda ya mayar da mu gonar doyar Jama'a. Shi ya sa na zaɓi "siffa" a wannan maƙala, duk da faɗinta.

5.0 Abin da Ya Halatta a Ara

Abin da Nok take bayarwa babu gardama shi ne ƙira. Kai ya fi na mutum girma idan aka auna da jiki. Ido mai kusurwa uku ne ko rabin da'ira, da gira a lanƙwashe, an huda ƙwayarsa. An huda hanci da baki da kunne, abin da ya taimaka wa iska ta fita a lokacin gashi, tun da siffofin holoƙo ne, an naɗa su kamar tukunya. Akwai kitso iri-iri da tukkaye, da tarin duwatsun ado a wuya da ƙugu da hannu, da zaman nan na mutum ya ɗora haɓa a kan gwiwa. Akwai masu alamar ciwo a fuska, akwai masu haɗa jikin mutum da na dabba. Babban kai da hudajjen ido kuwa su ne ainihin abin da mai yin fuskar wasa yake nema, don na nesa ya gani, na ciki ma ya ga hanya.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne Demas Nwoko, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ya koyi tsara dandamali a Faris, ya koyar a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Badun daga 1963. A tsakiyar shekarun 1960 ya nazarci siffofin Nok, ya gina tanderunsa, ya gasa nasa. Ya ɗauki idon da girman kan da yanayin gashin, amma mutanen da ya siffanta na zamaninsa ne, har da sojoji a lokacin yaƙin basasa. Bai ce ga abin da mutanen Nok suka yi imani da shi ba.

Haka abin yake ta fuskar gini. Nok ba ta bar dandali irin na Efidauros ba, kuma wanda ya zana mata ɗaya ƙirƙira ya yi. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Legas, wanda aka kammala a 1976, daga wani gini na birnin Varna a Bulgeriya aka kwafo shi. A wannan shekarar ce kuma Steven Ehrlich ya gina wa sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello dandali na ƙasa, ɗakuna masu da'ira kewaye da fili a tsakiya, bisa tsarin gidan Bahaushe, inda za a iya sauya wurin 'yan wasa da na 'yan kallo gwargwadon buƙatar kowane wasa. A irin wannan fili, mai daɓen ƙasa kuma ba labule, ana iya haƙa rami a gaban jama'a, a fasa siffar da aka gasa domin wasan, a binne gutsattsarinta, ba tare da an sa wa kowa magana a baki da sunan mutanen Nok ba.