TSOHUWAR KWAMFUTA DA TA ƘI KARƁAR GYARA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A ofisoshin Hakimai da yawa akwai kwamfuta wadda aka saya ta hannu, ko kuwa wata hukuma ta bayar da ita shekarun baya. A cikinta a ke ajiye sunayen Dagatai da Masu Unguwa, da kwafin takardun filaye da gonaki, da wasiƙun da ke kai da komowa tsakanin Hakimi da Fadar Sarki da Ƙaramar Hukuma. Wata rana sai Malamin Hakimi ya tarar ta ƙi karɓar gyare-gyaren da ta saba karɓa. Ko ta wuni tana nema ba ta samu ba, ko ta nuna wata lamba ta tsaya, ko kuwa ta fara aikin ta yi nisa sa'an nan ta warware shi. An shirya wannan takarda domin a san dalilan haka, a kuma rarrabe abin da malami zai iya gyarawa da hannunsa da abin da ba ya gyaruwa ko da an kai wurin gwani.

ƘAREWAR WA'ADI

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da ita, wanda sauran manhajoji su ke hawa kansa. Wadda aka fi sani a ofisoshi ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Ran Talata ta biyu a kowane wata kamfanin ya kan aiko da faci ta intanet, domin toshe kafofin da aka gano ɓarayi na iya shiga ta nan. Amma kowace Windows an yanka mata wa'adi. Na Windows XP ya cika ran 8 ga Afrilu 2014, na Vista ran 11 ga Afrilu 2017, na Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, na Windows 8.1 ran 10 ga Janairu 2023, na Windows 10 kuwa ran 14 ga Oktoba 2025.

Ƙarewar wa'adi ba ta kashe kwamfuta. Tana kunnuwa, tana rubutu, tana buga takarda kamar dā. Abin da ya tsaya shi ne sabon faci. Misalinta kamar ganuwar gari ce da aka daina yaɓe: ba ta faɗuwa a damina ɗaya, amma duk kafar da ruwa ya yi, haka za ta zauna a buɗe.

Kada a ɗauki wannan abin wasa. A watan Mayu 1917 ba a san kwamfuta ba, amma a watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Ta kulle takardun da ke ciki, ta nemi kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Facin da zai hana ta an fitar da shi tun watan Maris na shekarar, kuma galibin kwamfutocin da ta kama Windows 7 ne a kansu, wadda a lokacin wa'adinta bai cika ba, sai dai ba a sa musu facin ba. To, balle wadda facin ma ya daina zuwa mata.

Saboda haka abu na fari shi ne malami ya san wace Windows ke gabansa. In ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver, za ta faɗi sunanta da lambarta. In XP ce ko Vista, ya huta da neman faci ta intanet, gama tun watan Agusta 2020 aka rufe ƙofar da su ke bi. In Windows 7 ce ko 8.1 ko 10, tsofaffin facin da aka fitar kafin cikar wa'adi suna nan, kuma ya kamata a sa su duka.

KAFIN A TAƁA KOME

Lalle ne a kwashe kwafin takardun ofis a filashi ko wani faifai na waje, a zare shi, a kulle a akwati. Sa'an nan a buɗe biyu ko uku daga cikin takardun a wata kwamfuta dabam, a tabbata suna karantuwa. Malamai da dama sun kan tsallake wannan don gaggawa, alhali kuwa kwamfuta ana sayen wata, amma takardar iyakar gona da ta ɓace tana iya tayar da shari'ar da za ta ci shekaru.

AGOGO DA WURIN AJIYA

Cutar da ta fi kama tsohuwar kwamfuta ita ce ta fi sauƙin magani. A cikin kowace akwai wani ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, galibi lambarsa CR2032, shi ke riƙe kwanan wata sa'ad da aka kashe ta. Bayan 'yan shekaru ya kan mutu, sai kwamfuta ta farka tana tsammani tana shekarar da aka ƙera ta. Shafin da ke ba da faci kuwa yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogon kwamfuta ya saɓa, sai ta ga kamar shaidar ta jabu ce, ta ƙi karɓa. Alamar wannan sau da yawa ita ce lamba 80072F8F. A gyara ranar da sa'ar, a sake gwadawa. In aka kashe aka kunna ta sake ɓata, batirin ne, kuɗinsa ba shi da yawa.

Na biyu shi ne cikar faifai. Faci yana bukatar sarari inda zai sauka ya warwasu. Ƙananan kwamfutoci masu faifan gigabait 32 su suka fi fama da wannan, lambarsa kuwa 80070070. Maganinsa a kwashe hotuna da bidiyo, a kuma yi amfani da Disk Cleanup a share tarkacen tsofaffin faci.

WINDOWS 7 DA TA KE NEMA BA TA SAMU

A nan malamai suka fi shan wahala, musamman in an wanke kwamfutar an sake ɗora mata Windows 7 daga tsohon faifai. Sai ta yi ta juyawa sa'o'i, tana cinye kuɗin data, ko ta nuna 80072EFE.

Dalilin shi ne hatimi. Kowane faci yana zuwa da hatimin kamfani, kamar yadda wasiƙar Sarki ta ke zuwa da nasa. A 2019 Microsoft ya bar tsohon hatimi mai suna SHA-1, don an gano ana iya kwaikwayonsa, ya koma SHA-2. Windows 7 ta asali ba ta san sabon hatimin ba, saboda haka ba ta yarda da abin da ya zo da shi. Tilas a koya mata da hannu, kuma bi da bi. A fara tabbatarwa tana da Service Pack 1, wanda aka fitar a 2011. Bayansa a sa faci mai lamba KB4490628, sa'an nan KB4474419, shi ne mai koyar da sabon hatimi, a kashe a kunna. Daga nan a sa KB3172605, wanda ke gyara doguwar juyawar. Duka ana samunsu a shafin kamfanin da a ke kira Microsoft Update Catalog. Da ya ke tsohuwar manhajar shiga intanet da ke cikin Windows 7 ba ta cika buɗe shafukan yanzu ba, ya fi kyau a sauko da su a wata kwamfuta, a kawo a filashi. A lura a ɗauko wanda ya dace, ko na bit 32 ko na bit 64, kuma a cire ta daga intanet lokacin sawa, in ba haka ba sai ta koma wancan neman da ba ya ƙarewa.

Ko an gama wannan duka, abin da aka samu kwamfuta ce mai facin Janairu 2020. Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109 tun farkon 2023.

IN WUTA TA ƊAUKE A TSAKIYAR AIKI

Faci da aka yanke rabi ya kan bar gurɓatattun fayiloli a rumbun da Windows ke tara abin da ta sauko da shi, sunansa SoftwareDistribution. Kullum ta zo sai ta ci karo da su. A tsayar da hidimar Windows Update, a sake wa rumbun suna, a tashe ta, za ta gina sabo da kanta. In har yanzu ta ƙi, a buɗe Command Prompt da ikon mai kula, a rubuta sfc /scannow, za ta bincika fayilolinta ta gyara waɗanda za ta iya.

In kuwa ta ƙi tashi sam, kada a yi saurin wankewa. A Windows 7, danna F8 lokacin kunnawa na kai mutum inda zai komar da ita halin da ta ke kafin facin. Windows 10 ita da kanta ta kan buɗe shafin gyara bayan ta kāsa tashi sau biyu ko uku, a nan akwai wurin cire facin ƙarshe. Abin da ya fi dai, kada a fara sa faci sai batirin kwamfuta ya cika, ko injin yana da isasshen mai.

WINDOWS 10 DA MAGANAR WINDOWS 11

Fitowar Windows 10 ta ƙarshe ita ce 22H2, wadda ba ta kai nan ba a kai ta. Kamfanin ya buɗe wani shirin ƙarin faci ga masu ita. Na mutum ɗaya an sa masa wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30 ko ta wasu hanyoyi na kyauta masu bukatar rajista da kamfanin. Na ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar fari, yana ninkawa kowace shekara, har shekara uku. Wannan jinkiri ne kawai domin a shirya.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba 2021, tana da sharuɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, faifai gigabait 64, wani ɗan makullin tsaro mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa na Intel daga zubi na 8 ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Sau da yawa makullin yana nan, a kashe ne kawai cikin BIOS, inda a ke kiransa PTT ko fTPM. A duba nan tukuna kafin a yanke ƙauna.

Masu gyara a kasuwa sun san dabarun ɗora Windows 11 a kan wadda ba ta cika sharaɗi ba, kuma ta kan yi aiki. Amma kamfanin ya faɗa a sarari bai ɗauki alkawarin faci ga irin waɗannan ba, kuma babban sabuntawa na shekara ba ya zuwa musu da kansa. Fitowar 24H2 ta 2024 ba ta ma tashi a kan tsofaffin injuna irin su Core 2 Duo. Mutum na iya gwada haka da kwamfutarsa ta gida, amma bai kamata a yi da wadda ke riƙe da amanar talakawa ba. Haka kuma manhajojin da a ke talla cewa suna sabunta kome da dannawa ɗaya, da Windows ta sata da a ke sayarwa a faifai, sau da yawa su ne ƙofar ɓarawo.

ABIN DA YA RAGE GA HAKIMI

Wadda ta kāsa Windows 11 tana da hanya biyu. Ana iya ɗora mata wata babbar manhaja ta kyauta daga dangin Linux, kamar Linux Mint, wadda ke samun faci kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Sai dai a fara gwada ta daga filashi, a ga ko injin buga takardu na ofis ya yarda da ita. Ko kuwa a bar mata tsohuwar Windows, a raba ta da intanet gaba ɗaya, ta zama keken rubutu da ma'ajiya, kada a soka mata filashin kowa sai na ofis.

Zaɓin na Hakimi ne, ba na malami shi kaɗai ba, gama Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ya kamata malami ya rubuta a littafin ofis sunan kowace kwamfuta, da Windows ɗin da ke kanta, da ranar cikar wa'adinta, da ranar da aka ɗauki kwafi na ƙarshe, Hakimi ya sa hannu. Da wannan lissafi za a nemi sabuwa in an zo tsara kasafin kuɗi. Wadda aka yanke shawarar rabuwa da ita kuwa, a cire faifanta a ajiye a ofis kafin ta fita ƙofa.