Jifan motar kwana-kwana ba ya kashe gobara

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai labarin da aka saba ji ya dawo: wuta ta kama a kasuwa kaza, shaguna sun ƙone ƙurmus, dukiyar shekara da shekaru ta zama toka kafin asuba. Abin da ya fi damuna a cikin labarin shi ne hoton da kan biyo baya a Facebook da WhatsApp, inda za ka ga matasa sun yi wa motar kwana-kwana ca da duwatsu, sun fasa gilashi, wani lokaci har da jikkata ma'aikata. Idan ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce guda biyu: sun zo a makare, kuma sun zo ba ruwa. An maimaita wannan magana har ta zama kamar karatun allo, kowa ya haddace, ba mai tsayawa ya duba ko gaskiya ce. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yawancin abin da ke sa gobara ta ci ƙarfin mutane an riga an shirya shi tun watanni ko shekaru kafin tartsatsin farko, kuma kaso mai tsoka na wannan shiri yana kan teburin ƙaramar hukuma, wadda ba wanda ke tunawa da ita ranar da wuta ta tashi.

A Nijeriya akwai hukumar kashe gobara ta tarayya, kowace jiha kuma tana da tata. Motoci da ma'aikata na waɗannan ne. Amma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, gyaran tituna da magudanan ruwa na cikin unguwa, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kwashe shara, da sa ido kan shaguna da rumfuna da gidajen abinci da gidajen burodi. Duk wanda ya san yadda wuta ke tashi da yadda take yaɗuwa, ya san wannan jeri kusan shi ne rigakafin gobara baki ɗaya.

Mu fara da zancen ruwa. Motar kashe gobara tanki gare ta, tanki kuma yana da iyaka. Irin waɗanda aka fi gani a garuruwanmu suna ɗaukar lita dubu kaɗan ne, mesa guda kuma tana iya fitar da lita 400 zuwa 500 a minti ɗaya. Yi lissafi da kanka: tankin lita 4,000 ba zai wuce minti 10 ba in an buɗe mesa ɗaya sosai, in an buɗe biyu kuwa rabin haka. Saboda haka mutumin da ya iso wurin bayan minti 15 ya ga mota ta juya za ta fita, sai ya rantse da Allah ba ruwa ta zo, alhali ta zazzage abin da ta ɗauko ne za ta koma ɗebo wani. A biranen da aka tsara, ruwan tanki na farawa ne kawai, kafin ya ƙare an jona mesa da famfon gobara da ke bakin titi, ruwa ya ci gaba da zuwa ba yankewa. A kasuwanninmu nawa ne ake da irin wannan famfo mai aiki? Ko rijiyar burtsatse da babban tanki da aka keɓe don ranar tsautsayi? Inda babu, dole mota ta yi tafiyar kilomitoci ta cika tanki ta dawo ta cikin cunkoso, wuta kuwa ba ta jiran kowa. Wanda yake yankan rasit na harajin rumfa kowace ranar kasuwa, shi ya kamata a tambaya ina tankin ruwan kasuwa yake. Direban motar kwana-kwana ba shi da amsar wannan tambaya.

Zancen makara ma haka yake. Ɗaki mai katifa da labule da kayan roba yana iya kamawa gaba ɗaya cikin minti 5, shagon atamfa ko na takalman roba ya fi haka sauri. Mu kuma ɗabi'armu ita ce a fara da bokiti da ihu, sai abin ya gagara sannan a tuna da waya, a lokacin ma a shiga neman wanda ke da lambar. In an samu an kira, sai a zo kwatance: bayan gidan Alhaji wane, kusa da inda mai shayi yake zama. Titi ba suna, gida ba lamba, direba kuma ba ɗan unguwar ba ne. In Allah ya sa ya gane wurin, sai ya tarar da lungun da aka yanka da faɗin mota ya koma hanyar mutum ɗaya, saboda wannan ya ƙaro baranda, wancan ya kafa kwantena, an haƙa masai a bakin hanya, an zuba yashi da bulo tun bara ba a kwashe ba. A kasuwa abin ya fi muni. Hanyoyin da aka bari tsakanin layi da layi, waɗanda su ne mashigar mota kuma su ne ke hana wuta tsallakawa, an yayyanka su an mai da su shaguna da tebura, an sayar ko an ba da haya, da sa hannun wani jami'i. Ranar da aka yanka wannan fili ba wanda ya ɗaga dutse. Da yawa daga cikin masu jifan ma, a kan hanyar motar teburinsu yake.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta lashe dubban shaguna a dare ɗaya. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris. Babbar kasuwar Jos da ta ƙone a 2002 ta shafe shekaru fiye da 20 tana kango. Bayan irin waɗannan gobara akan ji bayani iri guda: cunkoson rumfuna, wayoyin lantarki da aka jona barkatai, rashin hanyar shiga, rashin ruwa a kusa. Sai a kafa kwamiti, a tara gudummawa, galibi kuma a sake gina rumfunan yadda suke a da, ko ma a ƙara matse su.

Wanda yake ganin saurin zuwan mota shi ne komai, ya dubi abin da ya faru a Landan ranar 14 ga Yunin 2017. Wuta ta tashi daga firji a hawa na 4 na wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell, gidan haya mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea. Motar farko ta iso cikin kimanin minti 6 da kira, da ruwa, da kayan aiki irin na ƙasar da ta ci gaba. Duk da haka mutum 72 suka rasa rayukansu, domin an lulluɓe jikin ginin da wani rufi mai cin wuta lokacin da aka yi masa kwaskwarima, kuma mazauna gidan sun daɗe suna kai kuka kan hatsarin gobara ba a saurare su ba. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike da ya fito a Satumban 2024 ya ɗora laifi kan gwamnati da kamfanonin da suka yi kayan, ya kuma kama sashen duba gine-gine na ƙaramar hukumar da sakaci. A kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, azuzuwan zana sun kama wuta a wata makaranta a Yamai a Afrilun 2021, yara kimanin 20 suka mutu, a Nuwamban shekarar kuma aka sake yin haka a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25. Ajin kara da zana yana cinyewa kafin a gama buga waya. Babu motar da za ta ceci yaran nan, hukuncin ya riga ya faɗi tun ranar da aka amince a zuba ƙananan yara a cikin rumfar ciyawa mai ƙofa ɗaya.

Na san abin da masu kare ƙananan hukumomi za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Manyan kasuwannin birni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari suna hannun hukumomin da gwamnatin jiha ke naɗawa, izinin gini a birnin Kano na hukumar tsara birane ta jiha ne, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma ta ba gwamna ikon filayen birni, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Sannan ga asusun haɗin gwiwa da jihohi suka daɗe suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ta cikinsa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, aiwatarwar kuma tana tafiyar hawainiya. Duk na yarda. Inda jiha ta karɓe kasuwa, alhakin ya koma wuyanta, a tambaye ta. Amma kasuwannin mako-mako da na unguwa da tashoshin mota, waɗanda suka fi manyan yawa nesa ba kusa ba, har yanzu jami'in ƙaramar hukuma ne ke yawo da rasit a cikinsu. Kuma yawancin abin da ake nema ba ya cin kuɗi. Hana kafa kwantena a mashigar kasuwa ba ya bukatar kason Abuja. Rubuta suna a allo a kafa a bakin layi bai kai kuɗin taron siyasa guda ba. Ma'aikatan duba-gari, waɗanda a da ake tsoron shigowarsu gida, har yau suna karɓar albashi a sashen lafiya na ƙananan hukumomi. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokokin cikin gida. Hukumar da ke da ƙarfin karɓar haraji daga mai tallan tumatir ba za ta ce ba ta da ƙarfin hana sayar da fetur a jarka jikin gidan burodi ba.

Akwai kuma masu rufe zancen da cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya umarci mutane su kashe wuta da fitila kafin su kwanta barci, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina. Wanda ya bar hita a cikin bokiti ya kulle shago ya tafi gida don an ɗauke wuta, sannan aka kawo ta da tsakar dare, ya ji tsoron Allah ya kira abin da sunansa. Zargin aljanu da maƙiya da ake yi bayan kowace gobara ma ban ga amfanin tsayawa a kansa ba.

Abin yi yana da yawa, kuma mafi yawansa a hannunmu yake. Kowane magidanci da kowane mai shago ya ajiye lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa a wayarsa yau, ya koya wa iyali. A Nijeriya akwai 112, a Nijar 18. A kira tun hayaƙi na farko, a ci gaba da ƙoƙarin kashewa bayan an kira, in an ci ƙarfinta kafin su iso ba a yi asarar komai ba. A tura yaro a kan babur ya tari mota a babban titi ya jawo ta, wasu kuma su janye motoci da kekunan da ke kan hanya. 'Yan kallo da masu ɗaukar hoto su ja baya, masu fakewa da taimako suna kwasar kayan mutane kuma su sani sata suke yi. Kada a zuba ruwa a wutar fetur ko ta man girki, yana ƙara watsa ta ne. Yashi ake zubawa, tukunya kuma a rufe ta da murfi a kashe murhu. Wutar lantarki a fara kashe babban makunni kafin a taɓa ruwa. Kaskon rushi na jin ɗumi a fitar da shi kafin barci, ban da gobara ma hayaƙin gawayi yana kisa a ɗaki rufe. Maganin sauro na kunnawa a ɗora shi kan abin ƙarfe nesa da katifa da gidan sauro. Tukunyar gas ta zauna inda iska ke shiga, in an ji warinsa a buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin fitila. Kada a ɗura wa janareta mai yana aiki. Masu gina gida su tuna cewa ƙarfen tsaro da ake walda wa tagogi ya sha zama sanadin mutuwar iyali guda, a bar taga ɗaya mai buɗewa, makullinta a inda kowa ya sani.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa dokar kashe lantarkin layi gaba ɗaya idan an tashi, su ajiye bokitan yashi da tukwanen kashe wuta a kan kowane layi, su ba masu gadi waya da lamba, su gayyaci 'yan kwana-kwana su shigo da mota da rana tsaka a gwada ko za ta iya kaiwa tsakiyar kasuwa. Duk inda ta tsaya, a nan aikin yake. Daga nan sai a ɗauki mai unguwa da sarkin kasuwa da limami a je wurin kansila da takarda a rubuce, a ajiye kwafi: ga hanyoyin da aka toshe, ga wanda ya ba da izini, ga harajin da muke biya a wata, muna son burtsatse da tanki, muna son suna a titunanmu. In kansila ya yi kunnen uwar shegu a wuce wurin ciyaman, in shi ma haka, akwai gidajen rediyo, akwai kuma ranar zaɓe.

Ga matasan da ke ɗaga dutse kuma: motar da kuka fasa wa gilashi tana iya zama ita kaɗai ce mai tafiya a yankinku, kuma za ta yi makonni a gareji kafin a gyara ta. Idan wuta ta tashi a layinku cikin waɗannan makonni, daga wata ƙaramar hukumar za a nemo muku wata.