Bodarin Amurka Ba Bodarinmu Ba Ne

Kwanakin baya wata ɗalibata ta kawo mini fassarar wani littafin yara da aka rubuta a Amurka, inda ta mayar da sunan dabbar nan da Turawa ke kira sikank zuwa "bodari". Ban ga laifinta ba, domin kamar da ke tsakaninsu ta isa ta ruɗi kowa: dukkansu baƙaƙe ne masu ratsin fari, dukkansu da wari suke kare kansu. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce.

Sunan kansa ba Ingilishi ba ne. Turawan da suka sauka a gabashin Amurka sun aro shi ne wajen shekarun 1630 daga harsunan Algonkiyan na mutanen da suka tarar. Su kuwa Sifaniyawa sai suka kira dabbar "ƙaramin dila", kuma wannan laƙabi ne aka ɗauko daga baya aka liƙa wa bodarinmu na Afirka a littattafan Turai. Ashe ruɗanin ya girmi ɗalibata nesa ba kusa ba. A 1997 ne binciken ƙwayoyin gado ya sa masana suka ware wa sikank danginsa daban, suka bar bodari cikin dangin dage.

Mafi shahara shi ne mai ratsi biyu a gadon baya, wanda ake samu daga kudancin Kanada har arewacin Meksiko. Girmansa kamar kyanwar gida, nauyinsa kilo 2 zuwa 5, ga gajerun ƙafafu da dogayen faratan tono. Da dare yake kiwo, yana cin ƙwari, tsutsotsi, ɓeraye da ƙwai. Har amya yakan je ya karce, ƙudan zuma na fitowa yana lamushe su.

Makamin nasa wasu 'yan jakunkuna ne biyu a ƙarƙashin wutsiya, cike da ruwa mai sinadarin farar wuta, wanda yake iya fesawa daidai idon abokin gaba daga nisan mita 3. Abin da ya fi burge ni shi ne tsimin da yake yi. Harbi biyar ko shida ne ke gare shi, kuma in ya ƙare sai ya yi kusan kwana 10 kafin ya sake cika. Saboda haka sai ya buga ƙafa, ya ɗaga wutsiya, ya yi gargaɗi iya gargaɗi tukuna. Namun dawa sun san wannan fari da baƙi, sukan kauce. Wani babban mujiya mai tukkaye ne kawai ba ruwansa, daga sama yake surarsa.

Suna barbara a Fabrairu zuwa Maris, macen ta haifi 'ya'ya 4 zuwa 7 wajen watan Mayu. Da hunturu sukan lafe a rami, mata da yawa wuri guda. Idonsu ba ya gani nesa, shi ya sa motoci ke hallaka su da yawa, kuma suna cikin manyan masu yaɗa ciwon haukan kare a ƙasar.

Ɗalibar tawa dai mun daidaita a kan "bodarin Amurka", bisa sharaɗin ta yi wa yara bayani a ƙasan shafi.