Ranar da Majalisar Kaduna Ta Tuɓe Gwamna

Duk wanda ya san Kaduna ya san Zauren Lugga, watau gidan nan mai ƙubba inda Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suka riƙa zama a zamanin Sardauna. A wancan zamani Firimiya da ministocinsa 'yan majalisa ne, a cikin zauren su ke zama, kuma mulkinsu ya dogara ga goyon bayan mafi yawan wakilai. Amma a 1979 Nijeriya ta ɗauki tsari irin na Amurka, aka raba masu yin doka da masu zartar da ita. Jama'a su zaɓi Gwamna dabam, su zaɓi majalisa dabam. To, in su biyun suka saɓa, maganar wa za a bi? A Kaduna aka fara gwada amsar.

A zaɓen 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ka da Alhaji Lawal Kaita na NPN, aka rantsad da shi Gwamna ran 1 ga watan Oktoba. Jihar Kaduna a lokacin ta haɗa har da ƙasar Katsina, majalisarta kuwa kujeru 99 ce, mafi yawansu a hannun NPN. Tsarin mulki ya ce Gwamna ba shi naɗa kwamishina sai da yardar majalisa. Gwamna ya yi ta aika sunaye, majalisa ta yi ta mayar masa da su, har ya shafe kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko guda. Ran 23 ga watan Yuni, 1981, majalisa ta tuɓe shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Shi ne Gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda dokar ta ke a sa'an nan. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ba majalisa ikon tuɓe Gwamna saboda babban laifi. Sai sulusin wakilai sun sa hannu a takardar ƙara, sa'an nan a naɗa mutum bakwai su bincika, daga bisani kashi biyu cikin uku na dukan wakilai su amince. Amma akwai abu biyu da suka rinjayar da sikelin. Na ɗaya, Shugaban Majalisa shi ke naɗa masu binciken, watau mai ƙara shi ke zaɓen alƙalinsa. Na biyu, sashen ya hana kowace kotu sa baki cikin al'amarin. Saboda haka da Balarabe Musa ya kai kuka gaban shari'a, alƙalai suka ce doka ta ɗaure musu hannu.

Tsarin mulkin 1999 ya gyara na farkon. A sashe na 188, Babban Jojin jiha shi ke naɗa mutum bakwai ɗin, su kuwa su ba da rahoto cikin wata uku. Amma hanin da aka yi wa kotu yana nan a rubuce. Ba a san iyakarsa ba sai da rikici ya tashi a Jihar Oyo. A watan Janairu, 2006, wakilai 18 daga cikin 32 suka tuɓe Gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun fara shirya abin a wani masaukin baƙi a Badun, ba a zauren majalisa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan aiki, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Disamba na shekarar, Ladoja ya koma kujerarsa. Hujjar alƙalai ita ce, hanin ba ya aiki sai majalisa ta cika kowane sharaɗi daki daki. In ta tsallake ko ɗaya, ƙofar kotu a buɗe ta ke.

Ashe ke nan ikon majalisa babba ne, amma yana da shinge, shingen kuwa shi ne bin ƙa'ida. Sauran abin da ya rage shi ne auna nauyin laifin kansa, gama tsarin mulki ya bar wa majalisa fili mai faɗi wajen ganin abin da ya isa a kira shi babban laifi. A nan doka ba ta iya tsare kowa, sai adalcin wakilai da idon waɗanda suka zaɓe su.

Malam Balarabe ya rasu a Kaduna ran 11 ga watan Nuwamba, 2020. Majalisar jiha tana nan tana zama a zauren da aka tuɓe shi. Malamin makaranta da ke koya wa yara sha'anin mulki, da akawun da ke riƙe da takardun hukuma, su tuna cewa yawan hannuwa kaɗai bai isa hujja ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.