Bayan Saki, Wa Ke Duba Shekarun Yaro?

A ƙauyukan Gwiwa, kamar sauran sassan masarautar Kazaure, idan aure ya mutu akwai abubuwan da ake lissafawa: saki nawa ne, yaushe idda za ta cika, wa zai zo kwasar kayan ɗaki. Shekarun yaran da ke tsakani kuwa ba a cika lissafa su ba, domin al'ada ta riga ta yanke hukunci: na goye ya bi uwarsa, da zarar an yaye shi uba ya aika a ɗauko masa ɗansa. A ganina, wannan ɗaukowar da abin da ke biyo bayanta sun fi takardar sakin kanta cutar da yaro, kuma kowane yaro da irin asarar da shekarunsa ke jawo masa.

Ɗan shekara biyu bai san saki ba, amma ya san baya ɗaya da ke goya shi. Idan aka haɗa masa yaye da rabuwa da uwa a lokaci guda, sai a ga yawan kuka, ƙin abinci da rama, manya su ce ƙiwa ce ko ƙulafuci. Na shekara uku zuwa biyar yana da wani nauyin daban. Judith Wallerstein, wadda ta fara bin rayuwar yara 131 daga iyalai 60 a Kalifoniya ta Amurka a 1971, ta lura cewa ƙananan yara kan ɗauka laifinsu ne ya raba iyayen, kuma sukan koma halin da suka riga suka bari, kamar fitsarin kwance. A gidan da ba uwa, dukan da ake yi wa yaro kan fitsarin kwance tabbatar masa yake cewa lallai shi ne mai laifin.

Ɗan firamare ya fahimci abin da ya faru, sai dai ba shi da ta cewa. Shi ake aika da saƙo tsakanin gida biyu, shi ake tambaya me aka ce a can, shi ke jin ana aibata uwarsa a tsakar gida. A waɗannan shekarun ne kuma ake yanke shawarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi: namiji a tura shi almajiranci Kano ko wani gari saboda zaman gidan ya ƙi, mace a ɗora mata talla da raino. Da sun tasa, namiji ya tafi cirani da wuri, macen kuma ta karɓi duk mijin da ya zo don ta bar gidan. Auren da aka yi don gudu kuwa ba safai yake ƙarko ba.

Wani zai ce abin da Wallerstein ta gano binciken Turawa ne, mu muna da kaka da goggo da inna, yaro ba ya rasa mai riƙo. Akwai gaskiya a nan, kuma binciken ma bai ce duk ɗan da iyayensa suka rabu ya lalace ba. Mavis Hetherington, a littafinta na 2002, ta nuna cewa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na irin waɗannan yara suna tashi lafiya lau. Paul Amato da Bruce Keith, da suka tattara bincike 92 a 1991, sun ga cewa rigimar iyaye na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo illar. Wato dangi na iya zama garkuwa, amma sai idan sun raba yaro da rigimar, ba su mai da shi abin ramuwa ba. Wani kuma zai ce ba zai bar ɗansa ya zama agola a gidan wani ba. To ai shari'a ta hango wannan tun kafin mu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ba uwa haƙƙin rainon ɗanta bayan saki har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta yi wani aure, rainon ya koma hannun kakar yaron ta wajen uwa, ciyarwa kuma tana kan uba a kowane hali. Ke nan abin da muke yi bayan yaye al'ada ce kawai, ba hukuncin mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ba.

Jihar Jigawa ta kafa dokar kare yara a 2021, amma yawancin saki a karkara ba ya kaiwa gaban alƙali. A zauren mai unguwa, dagaci ko liman ake kashe maganar. Don haka kira gare su yake: kafin a tashi daga zaman, a tambayi shekarun kowane yaro, a faɗa wa uwa haƙƙinta na raino a gaban kowa, a yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa na ci da karatu, a kuma tsayar da ranakun da yaro zai riƙa ganin wanda ba ya hannunsa.