Mai Raba Ƙwallo Ginshiƙi Ne Ko Da Hannunsa Ba Shi Da Saiti

Idan malaman wasanni a makarantun sakandaren Gusau, Tsafe ko Bunguɗu suka tashi zaɓen 'yan ƙwallon kwando, wanda ya fi saurin ɗaukar ido shi ne yaron da ke jifa daga nesa ta faɗa raga. Wanda kuwa ya iya raba ƙwallo amma jifarsa ba ta da saiti, abu ne mai sauƙi a bar shi a benci. To, tarihin wasan ya nuna cewa yin haka hasara ce.

Dokar wasan ta bai wa kowace ƙungiya daƙiƙa 8 ta tsallaka da ƙwallo rabin fili, da daƙiƙa 24 ta yi jifa. A cikin wannan ɗan lokaci, tilas ɗaya daga cikin 'yan wasa biyar ya ɗauko ƙwallo, ya lura da wanda aka bari ba tsaro, ya miƙa masa a daidai lokacin da ya dace. In babu shi, gwanin jifa sai ya wuni bai sami sarari ba.

Nijeriya tana da misali a gida, wato Ben Uzoh, wanda ba a san shi da jifar nesa ba. Ranar 26 ga Afrilu 2012, yana wasa wa Toronto Raptors a gasar NBA ta Amurka, ya ci maki 12, ya miƙa ƙwallo 12 da abokansa suka ci, ya kuma cafko 11 da suka kuskure raga. Yana cikin ƙungiyar D'Tigers da ta doke Angola da ci 74 da 65 a Tunisiya a shekarar 2015, lokacin da Nijeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka na maza.

Haka nan Rajon Rondo ɗan Amurka. A jifar kyauta, wadda ake yi ba mai tarewa, wajen shida cikin goma kawai yakan ci. Duk da haka ya ɗauki kofin NBA tare da Boston Celtics a 2008, da Los Angeles Lakers a 2020, ya kuma fi kowa miƙa ƙwallon da aka ci a kakar 2012, 2013 da 2016.

Amma fa wannan rauni yana da nasa tsadar. Da zarar abokan hamayya sun gane, sai mai tsaronsa ya ja baya ya toshe gindin kwando, fili ya ƙuntata wa sauran. Maganin da masu horarwa suka sani shi ne a kewaye shi da gwanayen jifa, kamar yadda Boston ta haɗa Rondo da Ray Allen da Paul Pierce, shi kuma ya riƙa kutsawa da gudu, ya dage wajen tsaro, ya ci gaba da gyara jifarsa.

Saboda haka ya kamata malaman wasanni a Jihar Zamfara su riƙa ajiye littafi a gefen fili. Ban da makin da yaro ya ci, a rubuta sau nawa ya miƙa aka ci, da sau nawa ƙwallo ta ɓace a hannunsa. Da wannan lissafi ne za a gane yaron da bai kamata a sallama ba.